An Faɗa Musu Tana Tafe: Guguwar Dusar Ƙanƙarar da Ta Rufe Birnin Buffalo

Ana saura 'yan kwanaki a yi bikin Kirsimeti na shekarar 2022, ma'aikatan ofishin hasashen yanayi na birnin Buffalo, a jihar New York ta ƙasar Amurka, suka fitar da sanarwar da ba kasafai suke fitar da irinta ba. Suka ce wata guguwa na nan tafe ranar Juma'a, 23 ga Disamba. Za ta fara da ruwan sama. Daga nan sanyi zai sauko farat ɗaya ya daskarar da ruwan a kan tituna, iska mai ƙarfin karya bishiya ta biyo baya, sannan dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Suka ce irin guguwar nan ce da mutum kan gani sau ɗaya a zamaninsa. Gidajen rediyo da talabijin suka yi ta maimaita maganar, makarantu da dama kuma suka ce kada yaro ya fito ranar.

Abin da suka faɗa shi ya faru, kusan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka jero. Amma da komai ya lafa aka shiga ƙirga, sai aka samu mutum 47 sun rasa rayukansu a wannan yanki. An tsinci wasu a cikin motocinsu, wasu a gefen titi dusa ta binne su, wasu kuma a ɗakunansu.

Wannan ya faru ne a ƙasar da ta fi kusan kowace ƙasa kayan aikin hasashen yanayi, a garin da ya saba da sanyi tun kaka da kakanni. To ta yaya masana suka hango guguwar tun ba ta haɗu ba? Kuma tunda an hango ta, me ya kai mutane waje?

Garin da sanyi ba baƙonsa ba ne

Ku buɗe taswirar Amurka ta Arewa a littafinku na labarin ƙasa, ku nemi manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada. Wanda ya fi gangarowa kudu shi ne Tafkin Erie, Buffalo kuma tana zaune a bakinsa ta gabas, ba nisa da magangarar ruwan nan ta Niagara da ake yawan gani a kalanda. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen birnin sun kai kimanin 278,000.

Idan aka tara dusar ƙanƙarar da ke sauka a garin a shekara guda, tsayinta ya kan haura mita 2. Wata guda kacal kafin abin da muke magana a kai, a Nuwamban 2022, wasu garuruwa da ke kudu da birnin sun samu dusa kusan mita 2 cikin 'yan kwanaki, har ta sa aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar garin, Buffalo Bills, aka kai shi birnin Detroit. Mutane suka ɗauko shebur suka share ƙofar gida, motocin share titi suka yi aikinsu, harkoki suka ci gaba. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Ita dusar ƙanƙara daban take da ƙanƙarar da kan faɗo mana da damina tana buga kwanon rufi kamar tsakuwa. Waccan ɗigon ruwa ne da iskar hadari ke ta cillawa sama yana daskarewa, yana ƙara kauri, har ya yi nauyi ya faɗo. Dusa kuwa daga tururi take samuwa. A cikin girgije mai tsananin sanyi, tururin ruwa kan maƙale a jikin ƙwayar ƙura ya daskare kai tsaye, ya fitar da rassa shida sirara. Tana saukowa a hankali ba ƙara, ga laushi ga rashin nauyi, kuma wanda ya fara kwatanta ta da dusar da ake bai wa awaki ya iya kallo. Yawancinta iska ce: idan ka narkar da dusa mai zurfin santimita 10, abin da za ka samu bai cika wuce ruwa santimita 1 ba. Wannan rashin nauyin ne ya sa iska ke iya kwashe ta daga ƙasa ta mayar da ita sama, kuma a nan haɗarin yake.

Maganar sanyi ma sai mun daidaita ma'auni. Safiyar hunturu mai tsanani a Kano ko Zariya, irin wadda ke sa ɗalibin makarantar kwana ya tsaya yana kallon bokiti yana shawara da zuciyarsa, takan tsaya ne wajen digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa yana daskarewa a sifiri. Firizar da ake ajiye nama tana aiki a digiri 18 ƙarƙashin sifiri. A daren guguwar, sanyin titunan Buffalo bai yi nisa da na cikin firizar ba, tun ma ba a sa iska a lissafi ba.

Daga ina wannan sanyi ya taso?

Duniya a karkace take juyawa, da kusan digiri 23 da rabi. A watan Disamba ɓangarenta na arewa yana kauce wa rana, har a can ƙuryar arewa akan shafe watanni ba a ga fitowarta ba. Iskar da ke kwance a kan wannan duhu da ƙanƙara sai ta yi ta ƙara sanyi, tana ƙara nauyi.

Abin da ke tsare ta a can shi ne wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas a sama, nisan kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen sama ke bi. Yana nan kamar shinge tsakanin iskar sanyi ta arewa da ta ɗumi ta kudu. Wani lokaci shingen kan lanƙwashe ya zurmo kudu, sai iskar sanyin ta samu ƙofa. Haka aka yi a makon nan. Ranar 21 ga Disamba, a garin Cheyenne na jihar Wyoming, ma'aunin zafi ya faɗo daga kimanin digiri 6 sama da sifiri zuwa 16 ƙarƙashinsa cikin minti 30. Wanda ya shiga kanti da riga ɗaya ya fito ya tarar da wata duniya.

Inda wannan iskar ta yi karo da mai ɗumi, sai mai ɗumin ta hau sama, matsin iska ya ragu a wurin, iskar kewaye kuma ta ruga don cike gurbin tana juyawa. Gwargwadon saurin faɗuwar matsin, gwargwadon ƙarfin iskar. Idan ya faɗi da miliba 24 ko fiye cikin sa'o'i 24, masana kan kira abin da wani suna mai ma'anar guguwar bam. 'Yan jarida na son sunan saboda yana jan ido, amma ba wani abu da ke fashewa, lissafi ne kawai. Guguwar Disamban 2022 ta cika wannan sharaɗi yayin da take ratsa yankin manyan tafkunan.

Yadda ake hango abin da bai zo ba

Wasu na ɗaukar hasashen yanayi kamar duba ne. Awo ne da lissafi, kuma ɗalibin da ke ƙorafin ina amfanin aljabara zai samu amsarsa a nan.

Aikin yana farawa da sanin halin da iska take ciki a yanzu. Sau biyu a kowace rana, a lokaci guda, tashoshi ɗaruruwa a faɗin duniya suna sakin manyan balan-balan ɗauke da wata 'yar na'ura mai auna zafi, laima da matsin iska. A agogon Najeriya da Nijar lokutan sun zo daidai da ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 1 na dare. Balan-balan ɗin kan hau har wajen kilomita 30 kafin ta fashe, tana aiko da bayani duk tsawon tafiyar. Ga kuma taurarin ɗan'adam, waɗanda aka harba na farkonsu mai aikin yanayi a 1960, ga na'urar rada mai gano ruwa da dusa a cikin girgije, ga jiragen sama da na ruwa da ke aiko da awo suna kan hanya.

Daga nan sai kwamfuta ta yanka sararin sama gida-gida, kamar an jera akwatuna miliyoyi, ta sa wa kowane akwati alƙalumansa, sannan ta bi dokokin fiziks ta lissafa yadda kowanne zai canza nan da 'yan mintuna. Ta ɗauki sakamakon ta sake lissafawa, haka har ta kai mako guda ko fiye.

Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara gwada wannan da alƙalami da takarda, lokacin da yake tuƙin motar ɗaukar majinyata a Faransa a yaƙin duniya na ɗaya. Hasashen sa'o'i shida kacal ya cinye masa kimanin makonni shida, kuma amsar da ya samu ta kauce nesa da gaskiya. Duk da haka ya buga aikin a littafi a 1922, ya kuma kiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga yanayi gudu. Dabarar tasa daidai take, kayan aiki ne babu. Sai a 1950 aka yi hasashen farko da kwamfuta, a kan wata ƙatuwar na'ura mai suna ENIAC.

Akwai matsalar da ko kwamfuta ba ta iya kawar da ita ba. Ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yana girma kullum, har nan da kwana goma ya zama babba. Shi ya sa manyan cibiyoyi ba sa yin lissafin sau ɗaya. Cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, mai hedikwata a garin Reading na Ingila, takan yi shi sau 51, kowanne da ɗan canji a alƙaluman farko. Idan amsoshin suka watse, wannan ya ce rana wancan ya ce dusa, masani zai yi magana da taka-tsantsan. Idan kuwa kusan duka suka nuna abu ɗaya, zai ɗaga murya. Hukumar yanayi ta Amurka da kanta takan ce hasashen kwana biyar yana dacewa kusan sau 9 cikin 10, na kwana goma kuwa kusan rabi da rabi ne.

Saƙon da ake bai wa jama'a ma hawa-hawa ne. Na farko hange ne, kwanaki da dama kafin lokacin, kamar ka ga hadari ya haɗo can gabas. Na biyu sanarwar zama cikin shiri, kamar iska ta fara kaɗawa mata na kwashe shanya. Na uku gargaɗi: abin ya iso ko yana bakin ƙofa. Mutanen Buffalo sun samu duka ukun.

Gargaɗin da aka ba su shi ne mafi tsanani a harkar dusa, kuma yana da sharuɗɗa a rubuce: iska mai gudun aƙalla kilomita 56 a sa'a, dusa tana tashi har mutum ba ya iya hangen abin da ya wuce mita 400, kuma a ɗauki sa'o'i uku ko fiye a haka. Ku lura, ba a ambaci yawan dusar da za ta sauka ba. Iska da rashin gani su ne ma'auni. Kun san hazon hunturu da kan hana jirgi sauka a Kano, wanda hukumar NiMet kan yi gargaɗi a kansa? To ku ɗauka hazon fari ne fat, yana dukan fuska kamar yashi, kuma ya yi kaurin da direba ba ya ganin hancin motarsa.

Tafkin da ya ƙara wa wuta fetur

Guguwar ta shafi kusan duk faɗin Amurka da kudancin Kanada, an soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama. Amma Buffalo ta fi kowa shan wuya, kuma dalilin yana kwance a gefenta.

Tafkin Erie dogo ne, kusan kilomita 390, ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ruwa ya fi ƙasa jinkirin hucewa, saboda haka a Disamba tafkin bai riga ya daskare ba, yana riƙe da sauran ɗumin bazara. Idan iska mai tsananin sanyi ta bi ta kansa, sai ta kwashi tururi da ɗumi, ta hau sama, girgije ya haɗu, da ta iso gaɓa kuma ta juye kayanta. Masana sun lura cewa abin yana kankama ne idan ruwan ya fi iskar da ke sama da shi, a nisan kusan kilomita ɗaya da rabi, ɗumi da digiri 13 ko fiye. A ranar 23 ga Disamba iskar ta taso ne daga kudu maso yamma, wato ta bi tsawon tafkin gaba ɗaya tana ɗiba, bakin bututun kuma yana kallon tsakiyar birnin.

Irin wannan dusar a siririn layi take sauka. Wata unguwa na cikin duhu, wata mai nisan kilomita 20 na ganin sarari. Wannan na cikin abin da ke yaudarar matafiyi: ya bar gida yana ganin hanya, minti goma ya faɗa cikin farin bango.

Ranar Juma'a

Da asuba ruwan sama ake yi, ba wani sanyin kirki. Wanda ya leƙa taga a lokacin zai iya cewa masana sun zuzuta. Da hantsi iska ta juya. Ruwan da ya jiƙa tituna ya daskare, kafin dare sanyi ya wuce digiri 10 ƙarƙashin sifiri.

Ƙanƙarar da kan shimfiɗu a kan kwalta ta wannan hanya siririya ce, garau kamar gilashi, har ana ganin baƙin titin ta cikinta. Shi ya sa ake ce mata baƙar ƙanƙara. Direba yana ganin kamar titin jiƙe kawai yake, sai ya taka birki mota ta ci gaba da tafiya abinta. Nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara kan ninka na busasshen titi har sau goma. A ƙasashen sanyi akan watsa gishiri a titi domin ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri, amma idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙarƙashin sifiri gishirin ya kan rage tasiri, balle ga iska tana share shi.

Iskar kuwa ta haura kilomita 110 a sa'a a filin jirgin saman birnin. Ta turo ruwan tafkin zuwa gaɓar gabas, tana watsa shi a jikin gidajen bakin ruwa yana daskarewa, har wasu gidajen suka koma kamar an sassaƙa su da ƙanƙara tun daga rufi har ƙasa. An shafe kimanin sa'o'i 37 ana cikin wannan hali. Dusar da aka auna a filin jirgin a 'yan kwanakin ta wuce santimita 130, amma inda iska ta tara ta, ta binne motoci ta toshe ƙofofi.

Motoci ɗaruruwa suka maƙale, suka tare hanya. Motocin share dusa suka kasa wucewa, direbobinsu ma ba sa gani. An kai lokacin da a wasu unguwanni motar asibiti da ta kashe gobara ba sa iya fita ko an kira su, waɗanda suka fita kuma su ma sai an ceto su. Dusa ta shiga tashoshin rarraba wutar lantarki ta daskare, dubban gidaje suka rasa wuta, tare da ita kuma abin ɗumama ɗaki. Gwamnar jihar, Kathy Hochul, wadda 'yar yankin ce, ta kira ta guguwar ƙarni. Tsofaffin garin sun kwatanta ta da ta Janairun 1977, wadda ta kashe mutum 29. A waccan tafkin a daskare yake, sabuwar dusar da ta sauka ba ta da yawa, iska ce ta kwaso wadda ke kwance a kan tafkin ta zuba wa birnin.

Abin da sanyi ke yi wa jiki

Jikin mutum yana riƙe zafinsa a digiri 37, kuma kullum akwai wani siririn lulluɓi na iska mai ɗumi a kan fata. Iska mai kaɗawa tana yaye wannan lulluɓin, jiki ya sake ɗumama wani, ta sake yayewa. Dalilin ke nan da ya sa ake hura shayi ya huce. Saboda haka masu hasashe kan ba da alƙaluma biyu: sanyin da ma'auni ya nuna da sanyin da jiki zai ji. Idan ma'auni ya nuna 15 ƙarƙashin sifiri, iska kuma na gudun kilomita 60 a sa'a, fata za ta ji kamar 30 ƙarƙashin sifiri. A haka kunne, hanci da yatsun da ba a rufe ba suna iya daskarewa cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka, wani lokaci har sai an yanke.

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari. Da farko makyarkyata, daga baya harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, barci ya fara fizga. Wasu a ƙarshe sukan ji kamar zafi suke ji har su tuɓe riga. Mugun abin shi ne sanyin yana fara lalata hankalin da mutum zai yi amfani da shi ya ceci kansa. Wanda ya bar motarsa don ya taka zuwa gidan da yake ganin bai wuce tafiyar minti biyar ba, cikin farin da ba gabas ba yamma, yana iya yin ta zagaye wuri ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare.

Zama a motar ma yana da nasa tarkon. Mutum zai bar injin a kunne don ya samu ɗumi, dusa ta toshe bakin salansa, hayaƙi ya dawo ciki. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Ta yi kisa a yankin lokacin wannan guguwar. Wannan ɓangaren labarin ya shafe mu kai tsaye, domin iskar nan ce dai ke fitowa daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga a daren hunturu, ita ce kuma ke fitowa daga janareton da aka kunna a cikin gida. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya.

Wasu kuma zuciyarsu ce ta buga suna tsakiyar kwasar dusa da shebur, aikin da ya fi kama da yashe rijiya a cikin firiza. Wasu rashin lafiya ce ta kama su a gida, motar asibiti ta kasa isowa.

To me ya fitar da su?

Abu ne mai sauƙi mai karatu ya ce taurin kai ne. Akwai masu taurin kan, amma ba su ne duka labarin ba.

Ranar Juma'a ce, kwana biyu kafin babban bikinsu, kamar a ce jajibirin sallah. Ranar biyan albashi ce ga ma'aikata da yawa, kuma wanda ke jiran kuɗin ranar kafin ya yi cefane ba zai iya bin shawarar a tanadi abincin kwana uku tun Laraba ba. Masu aikin asibiti, kanti da gidajen kula da tsofaffi ba su da zaɓin zama a gida idan wurin aiki bai ce a zauna ba. Hukuma kuma ba ta haramta tuƙi ba sai ƙarfe 9:30 na safiyar ranar, lokacin da mutane da yawa sun riga sun isa wurin aiki, sai ya zama dokar ta same su a waje, suna neman hanyar komawa a daidai lokacin da iska ta juya. An soki shugaban gundumar Erie, Mark Poloncarz, a kan wannan jinkiri, shi kuma ya fito ya ce shawarar tasa ce, ya ɗauki alhakinta.

Sai kuma guguwar Nuwamba da muka ce ku riƙe. Mutanen da suka ga dusa mita 2 wata guda da ya wuce suka fita lafiya, da aka ce musu wata na tafe, wasunsu sun auna ta da waccan. Amma waccan ba ta zo da irin wannan iskar ba. A ganina a nan ne saƙon ya fi samun tangarɗa: jama'a sun saba tambayar santimita nawa za ta sauka, alhali alƙaluman da suka fi muhimmanci a wannan karon su ne gudun iska da nisan gani. Binciken da masana daga Jami'ar New York suka yi wa birnin, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa saƙonnin hukuma ba su isa ga kowa ba, kuma ba su fayyace wa mutane cewa fita na iya zama ajali ba. Alƙaluman mamatan sun kuma nuna cewa baƙaƙen fata, waɗanda da yawansu ke zaune a unguwannin marasa ƙarfi, sun fi yawa a ciki fiye da kasonsu a yawan jama'a.

Inda hukuma ta kasa kaiwa, maƙwabta sun kai. Masu baburan kan dusa sun yi ta kwaso mutane. Wasu ma'aurata sun buɗe gidansu ga 'yan yawon buɗe ido daga Koriya ta Kudu da motarsu ta maƙale a ƙofarsu, suka yi kwanaki tare suna girki. Wani mutum kuma da ya kwana a motarsa bayan ya ƙwanƙwasa ƙofofi da dama an ƙi buɗe masa, da gari ya waye ya fasa tagar wata makaranta, ya bi motocin da ke kusa yana tattaro mutane, fiye da goma, ya shigar da su ciki. Sun ci abin da suka samu a ɗakin girkin makarantar, suka gyara wurin kafin su tafi, shi kuma ya bar takardar neman afuwa a kan tebur. Da 'yan sanda suka gano shi, godiya suka yi masa.

Shugaba Joe Biden ya amince da ayyana dokar ta-ɓaci a jihar ranar 26 ga Disamba. Filin jirgin sama bai buɗe ba sai ranar 28, dokar hana tuƙi a cikin birnin kuma sai ranar 29 aka ɗage ta. Dakarun tsaron jihar suka bi gida-gida a unguwannin da suka daɗe ba wuta suna duba mazauna. A daidai lokacin ofishin hasashen ya riga ya fitar da sabuwar sanarwa: iska mai ɗumi na tafe daga kudu, zafi zai kai wajen digiri 10 sama da sifiri kafin sabuwar shekara, da ruwan sama a bayansa. Ma'aikatan da suka kwana shida suna ture dusa daga kan titi sai suka koma haƙo bakin magudanun ruwa, kada narkakkiyar dusar ta rasa hanyar wucewa.